Mai Riƙon Igiya a Bakin Rijiya

Ƙawata, ara mini kunnenki da hankalinki, don na ɗauko kayan da suka fi ƙarfin wuyana. Na san ke ba mai katse magana ba ce tun ba ta kai gaɓa ba. Ki bari in dire, sa'annan ki faɗi naki.

A wani gari da ake kira Marken Dutse, inda ruwa ke da nisa a ƙasa, akwai wata dattijuwa mai suna Barmani. Mijinta, Malam Tanimu, shi ne Sarkin Haƙa na garin. Duk rijiyar da ke wannan yanki, in ba shi ya haƙa ta ba, to mahaifinsa ne. Sarautar tasu ba ta da rawani, ba ta da gandu, igiya ce kawai. A al'adarsu, in mutum zai shiga rijiya, ko haƙa ko yasa, Sarkin Haƙa ne ke tsayawa a baki riƙe da igiyar. Shi ke cewa a sauka, shi ke cewa a fito, kuma in ya faɗa ba mai ɗora wata a kai. Kafin kowa ya sa ƙafa sai an kunna fitilar ƙwai an zura ta har ƙasa. In ta mutu, iskar ciki ta ɓaci ke nan, ranar ba shiga. Wanda kuma ya sauka ba ya yin shiru, salati zai yi ta yi da ƙarfi na sama suna amsawa, don shiru a cikin rijiya ba alheri ba ne.

Allah ya ba Barmani 'ya'ya maza uku, ciki ɗaya, nono ɗaya, amma hali kowa da inda ya dosa.

Na farin shi ne Nomau. Saboda kunyar ɗan fari uwar ba ta taɓa kama sunansa ba, Babba take ce masa. Nomau mutum ne mai kwana da magana. Ko akuya zai saya sai ya je ya dube ta, ya dawo gida, ya sake komawa. Da ma'aikatan ruwa suka zo neman saurayin da ya san ƙasa don su koya masa aikin rijiyar burtsatse, shi aka fara nunawa. Ya ce a ba shi lokaci. Ya yi istihara, ya auna nan, ya auna can, ranar da ya shirya cewa to, sai ya tarar an tafi da ɗan maƙwabta. Haka ya yi da yarinyar da ya fara so, kafin ya tura magabata har an raba goron wani. Sai ya zauna gida yana noma, yana jan laka a bayan mahaifinsa. Amma fa duk abin da hannun Nomau ya gina bai taɓa rushewa ba, kuma ba a taɓa jin ya ce da na sani a kan abin da ya aikata ba, sai dai a kan abin da ya bari ya wuce.

Na biyu Jatau, shi kuwa tunaninsa a ƙafarsa yake. Wata ranar kasuwa yana cikin gona ya ji ƙahon babbar mota, ya jefar da fartanya ya bi ta, sai daga kudu aka sami saƙonsa cewa ya zama yaron mota. Kafin a ankara ya zama direba. Ya sayi mota ya faɗi, ya tashi, ya sake faɗuwa, ya sake tashi yana dariya. Ranar da ya zo ya ga ɗakin Barmani na yoyo, bai zauna ya sha ruwa ba sai da ya sauke bandir ɗin kwano a ƙofar gida. Yakan ce da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, uwar kuma takan ce masa, da zafi-zafi akan ƙona hannu.

Autan shi ne Ila, mai neman shawara. Ya fara koyon ɗinki, wani ya ce masa ɗinki na kashe ido, ya bari. Ya zauna shagon sayar da magani a birni, kawunsa ya ce wannan aikin masu takarda ne, ya bari. Ya taɓa gyaran waya, ya taɓa sayar da taki, daga ƙarshe ya tsaya a dillancin dabbobi a kara, don can ne kaɗai ake biyan mutum saboda ya ji bakin wannan ya ji bakin wancan. Bai tara komai ba sai jama'a. Ba garin da za ki ambata a yankin ya rasa wanda zai kira a ciki.

In suka haɗu a tsakar gida da salla, Jatau kan ce, "Shi Ila ko atishawa ta zo masa sai ya riƙe ta ya je ya tambayi liman."

Ila ya ce, "Gara ni, ina tambaya. Kai sai ka isa gari kake tambayar sunansa."

Su juya ga Nomau su ce ya raba gardama, ya ce, "Bari dai tukuna." Sai su fashe da dariya har uwar ta rufe baki da mayafi.

To, a wani rani mai tsanani, rijiyar bakin kuka, wadda rabin gari ke sha, ta cika da laka, ruwanta ya soma wari. Ita ce rijiyar farko da Malam Tanimu ya haƙa da ƙuruciyarsa, a shekarar da aka kawo Barmani gidansa. Ya ce ba mai yashe ta sai shi. Shekaru sun riga sun kama shi, gwiwa ta yi sanyi, kuma kafin a kai ga laka sai an kwashe ruwan sama da guga, aikin da ke cin wuni da wuni.

Tausayin uban ya kama Ila, ya shiga tambaya yadda za a rage masa wahala. Masu lambu suka ce ai injin ban ruwa zai zuƙe ta kafin azahar. Ya tambayi mutum nawa, kowa ya ce haka ne, sai ya aro injin. Bai tambayi ko ɗaya daga cikin masu shiga rijiya ba, don a ganinsa ai su guga suka sani. Da aka zo, tiyon injin ya gaza kai wa ruwa. Jatau, da ya zo gida hutu, bai tsaya wata-wata ba, ya ɗaure injin da igiya ya zura shi tsakiyar rijiyar yana ruri, har ruwa ya koma iya gwiwa. Nomau yana gefe yana kallon hayaƙin da ke shiga ƙasa bai ga yana fitowa ba. Zuciyarsa ta ƙi kwanciya. Amma ya ce a ransa bari ya tabbatar tukuna, kada ya yi wa mahaifinsa gyara a gaban mutane a kan abin da bai tabbata ba.

Daidai lokacin Barmani ta iso da ƙwaryar fura. Ta tarar an kashe injin an fito da shi, Malam ya tuɓe riga ya ɗaura bante a kan wando, ya miƙa wa Nomau igiya.

Nomau ya ce a hankali, "Baba, fitila fa?"

Malam Tanimu ya yi murmushi ya ce, "Fitila ta baƙuwar rijiya ce. Wannan ni na haife ta, ta girme ka ma. Riƙe igiya."

Sarkin Haƙa ya yi magana, ba mai ɗora wata. Ya yi bisimilla ya sauka yana salati, na sama suna amsawa. Ya isa ƙasa, ya kwance igiyar daga ƙugunsa kamar yadda ake yi don a zura masa kwandon laka. Barmani na durƙushe tana dama fura, kunnenta na kan muryar nan da ta sani shekara da shekaru. Ta ji salatin ya ja, ya yi nauyi kamar na mai gyangyaɗi. Aka amsa masa. Aka jira na gaba, bai zo ba.

Ludayin ya faɗi daga hannunta.

Kafin kowa ya rufe bakinsa Jatau ya fizge igiyar ya ɗaura a ƙugu, ya ce, "Ku sake ni." Bai nemi fitila ba, bai dubi kowa ba. Ya tarar da uban ya kife, fuskarsa a cikin ruwa. Ya ɗago shi, ya kwance igiyar daga jikinsa ya ɗaura wa tsohon a ƙarƙashin hamata, ya ce a ja. Wannan ita ce kalmarsa ta ƙarshe a ranar. Aka jawo Malam Tanimu yana numfashi sama-sama, Jatau kuwa ya zame ya jingina da bangon rijiya, kansa ya langaɓe. Da ya tsaya ko da na ƙiftawar ido ne ya yi tunani, da gawar uban aka fito da ita, don wanda ya kife a ruwa ba ya jiran shawara.

Samari suka yi caa a kan igiya, kowa na cewa shi zai shiga ya ɗauko Jatau. Nan Nomau, wanda ba a taɓa jin ya ɗaga murya ba, ya naɗe igiyar a hannunsa ya tsaya a bakin rijiya ya ce duk mai son sauka sai dai ya bi ta kansa. Ya sa aka kunna fitila ya zura, ba ta kai rabi ba ta mutu. Ya sa aka saro rassan darbejiya aka yi babban dami, ya shiga zura shi yana jawowa da ƙarfi don ya kori mugunyar iskar, wasu na kama masa. Ya sake zura fitila, ta mutu. Ya koma kan damin. Mutane suka fara zaginsa. Wani ya ce ai dama ba ya ƙaunar ƙanen nasa. Barmani ta leƙa ta hango farar rigar ɗanta can ƙasa ba motsi, ta rarrafo ta kama ƙafar ɗan farinta, abin da ba ta taɓa yi ba ta yi, ta kira sunansa a gaban gari.

"Nomau, ɗan'uwanka ne fa."

Bai waiwayo ba. Hawaye na zuba a gemunsa ya ce, "Inna, na sani. In na sake su, uwaye biyar za su yi kukan da kike yi."

Sai da fitila ta isa ƙasa ta tsaya da haskenta, sa'annan ya miƙa igiyar ga wani dattijo ya sauka da kansa, ya goyo ƙanensa. Da ya biye wa kukan uwarsa, da rijiyar nan ta haɗiye samarin garin ɗaya bayan ɗaya, har da Jatau ɗin. Amma duk tsawon jiran nan Jatau na shaƙar abin da ke ƙasa.

Shi kuwa Ila yana kan mahaifinsu, mutane sun kewaye shi, kowa da maganinsa. Wannan ta ce a ɗura masa madara, wancan ya ce a turara masa barkono ya yi atishawa, wani ya ce a kai shi ɗan asibitin da ke ƙauyen gaba. Ila ya saurari kowa bai aikata ko ɗaya ba, ya ciro waya ya kira tsohon maigidansa na shagon magani. Shi ya ce masa kada a sa wa tsohon komai a baki, kuma ba abin da zai cece shi sai iskar da ake sa wa marar lafiya a hanci. Ila ya kira wani, aka ce ɗan asibitin kusa ba su da ita, sai babban asibiti. Ya kira wani, aka ce hanyar da aka saba bi an datse ta ana gyaran gada, sai a zaga ta bayan dutse. Ya kira wani dillali abokinsa, shi kuwa ya sauke awakin da ya loda ya turo a-kori-kurarsa, ita kaɗai ce mota a kusa ranar. Da ba don bakin Ila da jama'arsa ba, da madara ta shaƙe tsohon a nan, ko a ƙare a ƙofar asibitin da ba shi da abin taimako.

Sai dai da aka sa Malam a mota, Jatau na ƙasa tukuna. Wasu suka ce a tafi da tsoho, wasu suka ce a jira yaro, motar ba za ta dawo da wuri ba. Ila ya sa ƙafa ɗaya a mota ɗaya a ƙasa, ya tambayi direba, ya tambayi liman, ya tambayi mai unguwa, ya dawo ya sake tambayar direba. Yana cikin haka aka fito da Jatau, aka haɗa su aka tafi. Masu asibiti suka ce da an bar Jatau a baya da bai kai yamma ba. Suka kuma ce da an kawo tsohon da wuri, da zuciyarsa ba ta taɓu haka ba.

Duka biyun suka farfaɗo, alhamdu lillahi, amma ba wanda ya dawo yadda ya tafi. Jatau ya tashi da jiri da mantuwa, in ya kama sitiyari sai hanya ta rabu masa biyu, tuƙi ya ƙare. Ya dawo gida da matarsa da 'ya'yansa ba sana'a. Ƙarfinsa na nan, zafin zuciyarsa na nan. Malam Tanimu kuwa daga ɗaki sai inuwar zaure, in ya taka kaɗan sai haki. Bai taɓa ɗora wa kowa laifi ba. In aka tayar da maganar sai ya ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa, shi ne ya ƙi fitila.

Da kaka ta yi, jikin ya tsananta. Wata safiya bayan ya idar da salla a zaune, ya sa aka ɗauko igiyar daga rataye, ya ɗora ta a cinyar Barmani.

Ta ce, "Malam, me zan yi da ita? Ka kira su ka ba wanda ka ga dama."

Ya ce, "Na yi ta juyawa na kasa. In na dubi Jatau sai in tuna shi ne ya ɗago fuskata daga ruwa. In na dubi Nomau sai in ga samarin da ke wucewa ta ƙofar nan da ransu. In na dubi Ila sai in ce numfashin da nake ja ma shi ya nemo mini. Ni a bakin rijiya na san su, ke kuwa a bayanki kika san su."

Ta ce, "Ni da ko sunan babbansu ba na iya faɗa?"

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Ai an ce kin faɗa, har na ƙauyen gaba sun ji. Ni kaɗai aka yi wa rowa."

Ba a yi sati ba Allah ya karɓi abinsa.

Barmani ta shiga takaba da igiya a ƙarƙashin gadonta. Dagaci ya aiko da gaisuwa, ya ce ranar da ta fita takaba zai zo da dattawa su ji sunan da za ta faɗa. Ta aika wa liman ko za a iya ba su su uku su haɗu su riƙe. Ya ce jan igiya kam ko mutum goma sa iya, amma bakin da zai ce sauka ko fito ɗaya ne, don wanda ke ƙasa ba shi da lokacin da zai saurari gardama.

'Ya'yan suka riƙa shigowa gaishe ta. Jatau ya durƙusa ya ce, "Inna, in ni ne ki ce ni ne, in ba ni ba ne ki faɗa yau in san inda na nufa. Zaman nan ya fi rijiyar ci mini rai." Ta dube shi, ta tuna 'ya'yansa, ta kuma tuna wanda ya zura injin.

Ila ya zo ya ce, "Inna, na zaga na ji bakin mutane. Wasu sun ce Yaya Nomau, wasu sun ce Yaya Jatau, wasu ma sun ce wai ni. Ke me kika gani?" Ta ce, "Kai me ka gani?" Ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Ta san in shi ne, ba wata sabuwar dabara ko sabon haɗari da zai shigo yankin bai ji labarinsa ba, kuma mahaƙa za su so shi. Ta kuma san wanda ya aro injin.

Nomau kuwa kullum zai zo ya cika mata randa, ya zauna a bakin ƙofa. Sau ɗaya kawai ya yi magana, ya ce, "Inna, na ga hayaƙin nan tun kafin Baba ya tuɓe riga." Har yau akwai gidajen da in ya wuce ake sa masa albarka, akwai kuma waɗanda ke nuna shi da baki, wai shi ne ya tsaya yana kaɗa ganye ƙanensa na mutuwa. Jatau kansa tun daga ranar bai sake tsokanarsa ba, gaisuwa ce kawai ke haɗa su.

Yanzu rani ya sake kamawa. Rijiyoyi sun fara ja da baya, wasu na neman yasa, kuma ba mahaƙin da zai sa ƙafa a rami ba Sarkin Haƙa a baki. Mata na tafiya mai nisa da tulu, masu ciki da masu goyo. Takabar Barmani ta zo ƙarshe. Ta yi addu'a, ta yi istihara, ba ta ga komai ba sai fuskokin 'ya'yanta. Duk wanda ta ba, ta ɗora rayukan 'ya'yan mutane a kan halinsa, kuma ta gaya wa sauran biyun, ba da baki ba, cewa abin da suka yi wa ubansu bai kai ba.

Ƙawata, don girman Allah wannan magana ta tsaya tsakanina da ke, kada ko 'yarki ta ji, don mutanen nan suna raye, kuma ciwon bai warke ba. Amma ki gaya mini tsakaninki da Mahaliccinki: wanda ya faɗa rami bai yi tunani ba, da wanda ya tsaya tunani uwarsa na riƙe da ƙafarsa, da wanda ya bi bakin jama'a har ya samo hanya, wane ne a cikinsu ya cancanci a damƙa wa igiyar nan?